Hanyar da Ke Ɗauke wa Matafiyi Kaya: Tarihin Guzurin Kaka a Japan

A watan Mayun 2020, kamfanonin da ke tafiyar da jirgin ƙasan nan mai tsananin gudu, Shinkansen, tsakanin Tokyo da Osaka har zuwa tsibirin Kyushu, suka fito da wata doka a kan akwati. Duk akwatin da jimillar tsawonsa da faɗinsa da kaurinsa ta haura santimita 160, sai mai shi ya tanadi kujera ta musamman tun kafin ya shiga jirgi. In ya shigo da shi haka nan, ya biya yen 1,000. Wanda ya haura santimita 250 kuwa ba ya shiga sam. Abin lura shi ne, an buɗe wannan layi tun 1964, ya yi shekara hamsin da biyar yana jigilar ɗimbin jama'a ba tare da buƙatar irin wannan doka ba. An ƙera taragunsa ne babu wani wurin a zo a gani na ajiye manyan kaya, domin fasinjan da aka ƙera su dominsa ba ya zuwa da su. Sai da baƙi suka yawaita, kowa yana jan akwatin da ya kai masa ƙugu, sannan aka ga giɓin.

Wanda ke shirin zuwa biranen Japan a lokacin kaka, tsakanin Oktoba da farkon Disamba, yakan fara da tambayar me zai zuba a akwati. Amsar tana da tarihi na shekara ɗari huɗu, kuma tarihin ya fi karkata ga abin da ake bari a gida.

A 1601 Tokugawa Ieyasu, sarkin yaƙin da gidansa ya mulki Japan har zuwa 1867, ya tsara zanguna a kan Tokaido, babbar hanyar da ta haɗa Edo, wato Tokyo ta yau, da Kyoto. Daga baya zangunan suka cika hamsin da uku a tsawon kilomita kusan 490. Hukuma ba ta yarda da amalanke ko keken shanu a mafi yawan hanyar ba, kuma ta bar wasu manyan koguna, irin su Oi, babu gada babu jirgin fito. Ƙarti ne ke saɓa matafiyi a kafaɗa ko a kan wani katako su haye da shi, kuɗin kuma yana hawa gwargwadon zurfin ruwa. In kogi ya kawo sosai, sai a rufe mashiga, kowa ya zauna a masauki yana cin guzurinsa har ruwa ya janye. Namiji mai lafiya yakan ci kilomita arba'in a yini, ya isa Kyoto cikin mako biyu. A irin wannan hanya, duk abin da mutum ya ɗauka ƙafarsa da aljihunsa ne ke biya.

Manyan kaya suna da tasu hanya. A kowane zango akwai ofishin da ke samar da dawaki da 'yan dako, su kai kaya zango na gaba su miƙa wa wasu. An ƙayyade nauyi: dokin dako yana ɗaukar kan arba'in, wato kilo 150, ɗan dako kuma kan biyar, kusan kilo 19. Masu cin moriyar wannan tsari na farko su ne sarakunan larduna, waɗanda tun daga 1635 aka wajabta musu zaman Edo shekara guda, lardinsu shekara guda. Ayarin sarkin Kaga kaɗai yakan kai mutum dubu biyu ko fiye. Wannan kai da kawowa na dole ya tatsi baitulmalin sarakunan, amma ya cika hanya da masaukai da shagunan shayi da masu sayar da takalma, talaka kuma ya samu hanya a gyare.

Kayan talakan ba su da yawa. Yakan rataya ƙananan adudai biyu na sassaƙar itacen yanagi, ɗaya a ƙirji ɗaya a baya, an haɗa su da ƙyalle a kan kafaɗa. Wani kuma ƙunshi kawai yake yi a cikin furoshiki, wani ƙyalle mai kusurwa huɗu wanda sunansa ke nufin shimfiɗar gidan wanka, domin da shi ake naɗe tufafi a gidajen wankan jama'a. Takalminsa na tufkar karan shinkafa ne, waraji, wanda ba ya wuce 'yan kwanaki yake tsinkewa. Ba a tara su a cikin kaya, tunda kusan kowane shago a bakin hanya yana rataye da su a kan kuɗi kaɗan. A masaukin da ake kira hatago akwai tuwon dare da karin kumallo da ruwan wanka da shimfiɗa. Mai ƙaramin ƙarfi kuma ya sauka a kichin-yado, inda kuɗin itacen girki kawai ake biya, mutum ya dafa shinkafarsa da kansa.

A 1810 wani marubuci mai suna Yasumi Roan ya wallafa littafin gargaɗi ga matafiya, Ryoko Yojinshu. Kayan da ya ba da shawarar a riƙe za su shige cikin gafaka guda: alƙalami da tawada a cikin kube, mafici, allura da zare, ƙaramin madubi, mataji da man gashi, littafin rubuta abin da ya faru a hanya, fitilar takarda mai naɗewa da kyandir, ƙyastu, hatimi, da igiyar rama ta ɗaure kaya ko shanya wanki. Ya kuma ja kunne a kan yawan ƙunshi, domin mai kaya rututu shi ne mai mantuwa a masauki. In aka cire ƙyastu da kyandir aka sa waya da cajarta, ba a yi nisa da aljihun matafiyin yau ba.

Takarda kuwa ba ta cikin abin da ake bari. A shingen bincike na Hakone, wanda aka kafa a 1619, ana neman takardar izinin wucewa, kuma an fi tsananta wa matan da ke barin Edo, don kada iyalan sarakunan da ake riƙe da su a matsayin garkuwa su sulale. Shingen ya rushe a 1869, amma ɗabi'ar tana nan a filin jirgin sama. Doka ta wajabta wa baƙo mai ziyara ya kasance da fasfonsa a jikinsa ko'ina ya shiga. Wasu magungunan mura da ake saye a kanti a wasu ƙasashe haramun ne a Japan saboda sinadarin da ke cikinsu, kuma wanda zai shiga da maganin likita da ya wuce na wata guda sai ya nemi takardar izini tun daga gida. Nama ma haka: kilishi da dambun nama, waɗanda Bahaushe ba ya raba su da guzuri, suna cikin abin da ake ƙwacewa, kuma tun 2020 tarar shigo da nama ba bisa ƙa'ida ba tana iya kaiwa yen miliyan uku.

Sai batun tufafi, wanda a Japan kalanda ce ke yanke shi. Tun zamanin Heian, shekara dubu da suka wuce, fadar Kyoto ta ari wata al'ada daga Sin ta sauya tufafi sau biyu a shekara, a ranar farko ta wata na huɗu da ta wata na goma. Sunanta koromogae. Matan fada sukan jera riguna bisa riguna yadda launukan za su leƙo a wuya da hannu, wasu jerin launukan ma sunan ganyen kaka aka sa musu. A zamanin Edo aka mayar da sauyin sau huɗu ga jarumawan samurai, kuma kaka ta samu biyu daga ciki: a ranar 1 ga wata na tara a sa riga mai shafi, a ranar 9 ga watan kuma a koma mai cushen auduga. Riga mai shafin nan ta kwana takwas ce kacal, abin da ke nuna yadda sanyi ke saurin shigowa in ya tashi. Bayan Japan ta karɓi kalandar Turawa a 1873, aka tsayar da 1 ga Yuni da 1 ga Oktoba ga masu kayan sarki, har yau kuma makarantu da ofisoshi da dama suna bi. Jirgin Shinkansen na farko ma a ranar 1 ga Oktoba ya tashi, ranar da ɗalibai ke komawa baƙaƙen riguna.

Sai dai yanayi ya fara saɓa wa kalandar. Zafi yakan ja har cikin Oktoba, makarantu da yawa sun koma ba da wa'adin makonni maimakon rana guda, ganyen momiji kuma, wanda jajayensa ke jan mutane zuwa haikalin Tofukuji da tsaunin Arashiyama, ba ya nuna sosai a Kyoto sai rabin Nuwamba na biyu, wani lokaci har farkon Disamba. A Nuwamba zafin rana a Tokyo da Kyoto yana wajen digiri 17, da asuba kuma ya sauko 8 ko 9, cikin jiragen ƙasa da shaguna kuwa an kunna na'urar ɗumama. Mai ƙatuwar rigar sanyi guda ɗaya zai yi gumi a jirgi, ya rasa yadda zai yi da ita a kan titi da tsakar rana. Dabarar matan Heian ta jera marasa nauyi, a cire a mayar, ita ce har yanzu ta fi dacewa.

Jirgin ƙasa ya shigo a 1872, layin Tokaido ya kammala a 1889, amma raba matafiyi da kayansa bai gushe ba. Hukumar jiragen ƙasa ta riƙa karɓar manyan kaya a tasha ta aika da su dabam, har sai da ta daina a 1986. Kafin nan wani ya riga ya karɓe kasuwar. A ranar 20 ga Janairun 1976, Ogura Masao, shugaban kamfanin Yamato, ya fara aikin kai ƙananan kaya daga ƙofa zuwa ƙofa, wanda ya sa wa suna Takkyubin. A ranar farko ƙunshi goma sha ɗaya aka kawo masa. Cikin shekarun 1980 kamfanin ya ƙara da kai kayan wasan zamiyar ƙanƙara da na gwalf, sannan akwatunan masu zuwa filin jirgin sama. Yau baƙo na iya miƙa akwatinsa a teburin otal a Tokyo, ya tarar da shi washegari a otal ɗin Kyoto a kan yen dubu biyu zuwa uku. Ofishin zango ne ya dawo, mota ta maye gurbin doki.

Masaukin ma bai canja hali ba. Kusan kowane otal yana ajiye rigar barci da silifa da buroshin haƙori. Kantunan konbini, waɗanda suka haura dubu hamsin kuma galibinsu ba sa rufewa, suna sayar da safa da singileti da laima, kamar yadda shagunan Tokaido ke sayar da waraji. Laimar roba da ake gani a hannun kowa in an yi ruwa, wani kamfanin Tokyo ne, White Rose, ya ƙirƙiro ta a ƙarshen shekarun 1950. Kamfanin ya samo asali tun 1721, kuma a da rigunan ruwa na takarda mai shafen mai yake sayarwa ga ayarin sarakunan larduna.

Abubuwan da hanyar ba ta ɗauke wa mutum ba 'yan kaɗan ne, kowanne kuma da dalilinsa. Takalmi mai saurin cirewa da safa marar huji, domin a haikali da fadar Nijo da duk ɗakin da aka shimfiɗa tabarmar tatami a ƙofa ake barin takalmi, dakalin katako kuma yana da sanyi a Nuwamba. Ƙaramin tawul na aljihu, domin bandakunan jama'a da yawa ba su da abin goge hannu. Leda ta zuba shara, domin an kwashe kwandunan shara daga tashoshi da yawa bayan harin iskar sarin da aka kai a jirgin ƙarƙashin ƙasa na Tokyo ranar 20 ga Maris 1995, yawancinsu kuma ba su dawo ba. Sai tsabar kuɗi don ƙananan shaguna da ƙofar haikali.

Akwai kuma gurbin da ake bari fanko da gangan. A zamanin Edo mutanen ƙauye sukan yi wani irin adashi, su tara kuɗi, su jefa ƙuri'a don fitar da waɗanda za su wakilce su zuwa wurin ibada na Ise. Wanda ya tafi da kuɗin jama'a tilas ya dawo da shaida: layu da kalanda da wasu ƙananan abubuwa marasa nauyi, gida gida. Daga irin wannan ne tsarabar Japan, omiyage, ta yi ƙarfi, har ta kai ma'aikacin da ya je wani gari ba ya komawa ofis sai da kwalin alewar garin, an naɗe kowace ɗaya dabam yadda za ta ishi kowane tebur.

Wannan tsohon tsari yanzu yana cikin matsi. A 2024 baƙi kusan miliyan 36.9 suka shiga Japan, adadin da ba a taɓa gani ba kafin nan, kuma Nuwamba na cikin watannin da Kyoto ta fi cika. Birnin ya dogara ne da motocin bas fiye da jirgin ƙarƙashin ƙasa, kuma akwati guda mai taya yana cinye wurin tsayuwar mutum ɗaya ko biyu. Mazauna birnin, ciki har da tsofaffi masu zuwa asibiti, sukan tsaya bas ya wuce su a cike. Ƙorafinsu yana da hujja, ko da yake birnin ne da kansa ya yi shekaru yana kiran baƙin. A Satumbar 2023 hukuma ta daina sayar da tikitin bas na yini guda mai yen 700, wanda baƙi suka fi so, ta kuma ƙarfafa kiran da take yi na yawon buɗe ido hannu sake. A tashar Kyoto akwai tebura da ke karɓar akwati da safe, su kai shi masaukin mai shi kafin dare.