Haƙƙin mallaka da lasisi a masana'antar nishaɗi ta Najeriya

Haƙƙin mallaka a masana'antar nishaɗi ta Najeriya shi ne ikon da doka ta bai wa mawaƙi, marubuci, furodusa ko gidan watsa shirye-shirye a kan aikin da ya ƙirƙira, ta yadda babu mai kwafar aikin, ko sayar da shi, ko nuna shi ga jama'a, ko ɗora shi a intanet sai da izinin mai shi. Wannan izini shi ake kira lasisi, kuma ta hanyarsa ne waƙa ko fim suke kawo wa mai su kuɗi. Dokar da ke aiki a yanzu ita ce Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a ranar 17 ga Maris, 2023. Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya, wadda aka fi sani da NCC, ita ce ke kula da aiwatar da dokar, kuma Babbar Kotun Tarayya ce ke da hurumin sauraron ƙararrakin da suka shafe ta.

Tarihi

Dokar farko da ta yi aiki a ƙasar ta Turawan mulkin mallaka ce, wato dokar Ingila ta 1911, wadda aka faɗaɗa ta zuwa Najeriya a 1912. Ta ci gaba da aiki har bayan samun 'yancin kai, sai a 1970 gwamnatin soja ta fitar da ta gida. Dokar 1970 ba ta kafa wata hukuma da za ta sa ido ba, hukuncinta kuma ba shi da tsauri, a daidai lokacin da kwafar kaset ta zama ruwan dare. Matsin lambar mawaƙa da masu buga littattafai ya kai ga dokar soja mai lamba 47 ta 1988, wadda ta kafa majalisar haƙƙin mallaka da daga baya ta zama hukumar NCC. An yi wa dokar gyara a 1992 da 1999, ta yi shekaru sama da talatin tana aiki kafin ta 2022 ta maye gurbinta.

Najeriya ta shiga Yarjejeniyar Berne a 1993. A ƙarƙashin yarjejeniyar, aikin ɗan wata ƙasa yana samun kariya a Najeriya kamar na ɗan ƙasa, haka ma aikin ɗan Najeriya a sauran ƙasashen da suka sa hannu. A 2017 ƙasar ta amince da wasu yarjejeniyoyi huɗu na Hukumar Kare Mallakar Fasaha ta Duniya, ciki har da ta Beijing da ta shafi 'yan wasan fim, da ta Marrakesh da ta shafi littattafan makafi.

Abin da doka ta kare

Dokar ta kare ayyuka iri shida: rubutun adabi, kiɗa da waƙa, zane da sauran ayyukan fasahar hannu, fina-finai, sautin da aka naɗa, da shirye-shiryen rediyo da talabijin. Ba sai an yi rajista ba kafin haƙƙin ya tabbata. Da zarar an rubuta aikin ko an naɗe shi, kuma ya kasance ƙirƙirar mai shi ce, doka ta kare shi. Hukumar NCC tana da tsarin rajista na ganin dama, wanda amfaninsa shi ne samun shaida idan an je kotu. Doka ba ta kare tunani tsagwaronsa ba. Kowa yana iya shirya fim a kan auren dole ko kishi tsakanin matan gida ɗaya; abin da aka hana shi ne ɗaukar rubutun wani, da jerin fitowarsa, da kalamansa.

Kariyar tana da wa'adi. Littafi da waƙa suna nan a hannun magada har shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da mai su ya rasu. Fim, hoto, sautin da aka naɗa da shirin da aka watsa suna da shekara 50 daga lokacin da aka fara fitar da su. Bisa wannan lissafi, waƙoƙin Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, suna da kariya har ƙarshen 2069, rubuce-rubucen Abubakar Imam, wanda ya rasu a 1981, har ƙarshen 2051. Amma faifan da aka naɗi muryar Shata aka fitar a 1970 wa'adinsa ya cika a ƙarshen 2020, duk da cewa waƙar da ke cikinsa ba ta fita daga kariya ba. Wannan ya nuna wani abu da yake rikita mutane da yawa: waƙa ɗaya tana ɗauke da haƙƙi biyu. Akwai haƙƙin wanda ya tsara baituka da karin waƙar, akwai kuma haƙƙin naɗin da aka yi a situdiyo, wanda sau da yawa yarjejeniya take miƙa shi ga kamfanin da ya biya kuɗin aikin. Mai son saka waƙa a fim ko talla yana buƙatar izinin ɓangarorin biyu.

A fim, doka ta ɗauki wanda ya yi tanadin shirya shi, wato furodusa, a matsayin mai shi, sai fa idan yarjejeniya ta ce wani abu dabam. 'Yan wasa da mawaƙan da suka rera suna da nasu haƙƙin a kan naɗar wasansu da watsa shi. Akwai kuma haƙƙin a ambaci sunan mai aiki da hana a gurɓata aikinsa ta hanyar da za ta zubar masa da mutunci, wanda ba ya bin ciniki, yana nan tare da mai aikin ko da ya sayar da komai. Tatsuniyoyi, kacici-kacici, waƙoƙi da raye-rayen gargajiya su ma suna da kariya ta musamman, kuma hukumar NCC ce ke ba da izinin amfani da su don kasuwanci.

Dokar ta bar ƙofa ga amfani da wani yanki na aiki ba tare da izini ba, idan don nazari ne, ko sharhi, ko ba da labari, ko barkwanci, matuƙar an yi adalci.

Sayarwa da ba da lasisi

Mai haƙƙi yana iya sayar da shi ɗungurungum, ko ya ba da lasisi ya riƙe mallakarsa. Lasisi iri biyu ne: na keɓe, wanda mutum ɗaya kaɗai ake bai wa, da na gama-gari, wanda ake iya bai wa mutane da yawa a lokaci guda. Doka ta ce sayarwa da lasisin keɓe ba sa inganta sai a rubuce. Lasisin gama-gari kuwa yana iya zama na baka, ko ma a fahimce shi daga mu'amalar ɓangarorin. Ana iya iyakance lasisi da lokaci, da ƙasa, da hanyar nunawa. Fim ɗaya yana iya zama a hannun masu sinima na wasu makonni, a hannun tashar talabijin na wasu shekaru, sannan a hannun wani dandalin intanet a ƙasashen waje.

Fim ɗin Living in Bondage na 1992, wanda ake dangantawa da farkon Nollywood, misali ne na sayarwa. Charles Okpaleke ya sayi haƙƙinsa daga Kenneth Nnebue a 2015, abin da ya ba shi damar fitar da ci gaban labarin a 2019. Sayen da Netflix ya yi wa fim ɗin Lionheart na Genevieve Nnaji a 2018 ya buɗe babin cinikin fina-finan Najeriya da manyan dandalin intanet. Mayar da littafi fim ma yana cikin abubuwan da sai da izinin mai littafin ko magadansa.

Sunan da mawaƙi yake amfani da shi da tambarin kamfani ba su cikin wannan doka, suna ƙarƙashin dokar alamun kasuwanci ta 1965, inda rajista take da muhimmanci ƙwarai. Takaddamar da ta ɓarke a 2017 tsakanin mawaƙi Kiss Daniel da kamfanin G-Worldwide ta haɗa da batun wanda ya mallaki sunan, kuma a 2018 mawaƙin ya koma amfani da Kizz Daniel.

Ƙungiyoyin karɓar kuɗi

Mawaƙi ba zai iya bin kowane gidan rediyo, otal da wurin biki yana karɓar haƙƙinsa ba. Saboda haka doka ta tanadi ƙungiyoyin da suke ba da lasisi a madadin mambobinsu, su tara kuɗin, su cire na gudanarwa, su raba sauran. Dole ƙungiya ta sami amincewar NCC kafin ta yi wannan aiki. A ɓangaren waƙa an daɗe ana jayayya tsakanin MCSN, wadda aka kafa a 1984, da COSON, wadda hukumar ta amince da ita a 2010 a matsayin ƙungiya tilo. An bai wa MCSN lasisi a 2017, aka dakatar da na COSON a 2018, shari'o'i kuma suka yi ta biyo baya. Wannan ja-in-ja ya bai wa masu amfani da waƙoƙi da dama hujjar ƙin biya, da cewa ba su san wanda za su bai wa ba. A 2018 Babbar Kotun Tarayya da ke Legas ta umarci kamfanin MultiChoice ya biya MCSN kimanin naira biliyan 5.9, Kotun Ɗaukaka Ƙara kuma ta tabbatar da hukuncin a 2020. Fina-finai suna da tasu ƙungiyar, AVRS, wadda aka amince da ita a 2014.

A Kannywood

Masana'antar fina-finan Hausa, wadda ake ƙirga farkonta daga Turmin Danya na 1990, ta ginu ne a kan kasuwar kaset ta Kano, musamman ta Ƙofar Wambai, kuma ta samar da nata tsarin lasisin ba tare da lauya ba. Furodusa yakan kammala fim, ya buga kwalayen kaset masu ɗauke da hotunan 'yan wasa, ya kai wa 'yan kasuwa tare da kaset na asali. 'Yan kasuwa su ne ke sayen kaset fanko su kwafa, kuma kuɗin furodusa yana fitowa ne daga adadin kwalin da aka sayar. Kwalin shi ne ya tsaya a matsayin takardar izini: kaset mai kwalin furodusa halastacce ne, wanda ba shi da shi ko mai kwalin jabu na sata ne. Brian Larkin ya yi bayanin wannan tsari a littafinsa Signal and Noise na 2008. Tsarin ya dogara ne ga amana da bashi, shi ya sa ƙarfi ya fi karkata ga 'yan kasuwa, domin furodusa yakan jira sai an sayar kafin ya ga kuɗinsa.

Zuwan faifan sidi ya sauƙaƙa kwafa, wayar hannu kuma ta rushe tsarin kwali baki ɗaya. Masu tura fim da waƙa a waya, waɗanda ake kira 'yan dawunlodin, sun maye gurbin masu shagon kaset, fim ɗaya yana bazuwa daga Kano zuwa Maraɗi da Damagaram cikin kwanaki ba tare da an buga kwafi ko ɗaya ba. Furodusoshi suka koma neman kuɗi wajen tashoshi irin su Arewa24, da aka buɗe a 2014, da Africa Magic Hausa, sai kuma YouTube, inda fina-finai masu dogon zango kamar Izzar So da Labarina suka sami karɓuwa daga 2020. A YouTube kuɗin talla yana zuwa ne ga mai tashar da ya iya nuna cewa aikin nasa ne. Wannan ya fito da tsofaffin tambayoyin da cinikin baka ya bari a buɗe: mawaƙin da furodusa ya biya sau ɗaya don waƙar fim, shin ya sayar da waƙar ne ko izinin saka ta a fim kawai ya bayar? Bisa ƙa'idar doka, in babu rubutu ba a yi sayarwa ba.

Masana'antar ita ma an sha zarginta da ɗaukar labarai da karin waƙoƙin fina-finan Indiya, abin da 'yan fim suke kira wankiya, kuma Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi rubuce-rubuce da dama a kai. Indiya tana cikin Yarjejeniyar Berne, don haka fina-finanta suna da kariya a Najeriya. Fassara fim ɗin waje zuwa Hausa da ɗora masa murya na cikin abubuwan da doka ta keɓe wa mai fim ɗin.

Lasisin hukuma da lasisin mai fasaha

Kalmar lasisi tana da wata ma'ana ta dabam a masana'antar, wato izinin gwamnati na gudanar da sana'a. Hukumar Tace Fina-finai ta Ƙasa, da aka kafa a 1993, tana duba fim ta ware masa rukunin masu kallo, tana kuma ba masu rarrabawa da masu sinima lasisi. Hukumar NBC, da aka kafa a 1992, ita ce ke kula da lasisin gidajen rediyo da talabijin. Jihar Kano ta kafa tata Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i a 2001, wadda take yi wa 'yan fim rajista, take kuma duba fina-finai, waƙoƙi da littattafai. A 2025 hukumar ta dakatar da fina-finai 22 masu dogon zango bisa dalilin rashin kai su tantancewa. Shaidar tacewa tana nuna cewa hukuma ta yarda a nuna fim ne kawai, ba ta tabbatar da wanda ya mallake shi. Fim yana iya tsallake tacewa alhali waƙar da ke cikinsa ba a nemi izinin mai ita ba.

Hukunci

Wanda aka keta wa haƙƙi yana iya neman diyya, ko ribar da aka samu da aikinsa, ko umarnin kotu na dakatar da ci gaba da amfani da shi. Satar fasaha kuma laifi ne da NCC ke iya gurfanar da mutum a kansa. Tsohuwar doka ta tanadi tarar da ba ta wuce naira 1,000 ba a kan kowane kwafi ga mai buga na jabu don sayarwa. Ta 2022 ta mayar da ita aƙalla naira 10,000 a kan kowane kwafi, ko ɗaurin da bai gaza shekara 5 ba, ko duka biyun. Sabuwar dokar ta shigo da intanet cikin lissafi a karon farko. Mai haƙƙi yana iya aika wa kamfanin da ke ɗauke da shafi sanarwa a rubuce ya sauke aikin da aka ɗora ba da izini ba, wanda ya ɗora yana da damar mayar da martani, hukumar NCC kuma tana da ikon sa a toshe shafin da aka tabbatar yana yaɗa kayan sata. Karya makullin da aka sanya wa fim ko waƙa don hana kwafa shi ma ya zama laifi a ƙarƙashin dokar.