Ƙwaƙwalwar da ake saya daban: labarin ZX81

A watan Maris na 1981, kamfanin Sinclair Research da ke birnin Kambirij a Ingila ya fito da wata 'yar kwamfuta baƙa mai suna ZX81. Farashinta ne ya ja hankalin jama'a: fam 69.95 idan a haɗe take, fam 49.95 ga wanda zai sayi kayanta ya zauna ya haɗa da kansa da dalma. Kamfanin Timex ne ke harhaɗa ta a Dandi ta Sikotilan. Ba ta zuwa da allon kallo, sai a jona ta da talabijin ɗin gida. Ba ta da wurin adana aiki, sai a ɗauke shi a kaset ta hanyar rikoda. Kafin a daina yinta an sayar da fiye da miliyan ɗaya da rabi.

Amma fa araha ba ta ado. Don a sauko da farashi, Clive Sinclair da injiniyoyinsa sun ba ta ƙwaƙwalwar aiki, wadda ake kira RAM, kilobait ɗaya tak, wato bait 1,024, kowane bait gurbin harafi guda. Daga ciki kwamfutar na riƙe 125 don hidimar kanta. Allon yana ɗaukar layi 24 masu harafi 32, kuma idan ya cika maƙil yana cinye bait 793. Abin da ya rage wa mai kwamfuta ɗari da 'yan kai ne. Injiniyoyin sun yi dabarar da allon ba ya cin wuri sai gwargwadon abin da aka rubuta a kansa, duk da haka sau da yawa mutum bai yi nisa ba za ta sanar da shi wuri ya ƙare.

Wasu sun mai da ƙuncin nan fagen nuna gwaninta. David Horne ya rubuta wasan dara na Turawa, wato ces, a cikin bait 672, kwamfutar na karawa da mutum, ko da yake an zubar da wasu dokokin wasan don ya shiga. Sai dai yawancin masu saye ba gwanaye ba ne. Yara ne da iyayensu masu son koyon BASIC, harshen rubuta manhaja, da buga wasanni irin 3D Monster Maze na Malcolm Evans, wanda ba ya tashi sai da kilobait 16.

Maganin da Sinclair ya kawo wani ɗan akwati ne da ake soka wa kwamfutar ta baya, mai ɗauke da kilobait 16. Kuɗinsa fam 49.95, daidai da kuɗin kwamfutar da ba a haɗa ba. Ashe farashin da aka tallata kuɗin shiga ƙofa ne, ragowar sai an zo ciki.

A nan ne kuma masifar da tsofaffin masu ZX81 ba sa mantawa ta ɓullo. Akwatin ba a ɗaure yake da ƙusa ba. Bakinsa kawai ke cije da gefen allon lantarkin kwamfutar, shi kuma yana tsaye a baya ba abin da ya tokare shi. Madannan ZX81 shafaffu ne, sai an danna da ƙarfi, ga ta ba nauyi. Dannawa ɗaya mai ƙarfi ko a bangaji tebur, sai mahaɗin ya motsa, kwamfutar ta sandare. Irin wannan ƙwaƙwalwa ba ta riƙe komai idan aka katse ta, don haka wanda ya kwashe awanni yana kwafar manhaja layi-layi daga mujalla sai ya koma farko. Jama'a suka shiga dabaru: wasu su ɗaure da roba, wasu su manna da ƙaron Blu-Tack, wasu su kafe kwamfutar da akwatin a kan katako ɗaya.

Wannan rauni ya buɗe wa wasu kasuwa. Kamfanin Memotech na yankin Okisfod ya ƙera Memopak, wanda aka yi wa siffar da ta kwanta daidai da bayan kwamfutar, mai kilobait 16, 32 har 64. Cinikin ya kai su ga fitar da tasu kwamfutar, MTX, a 1983. A Amurka kuwa, da aka fito da ZX81 a 1982 da sunan Timex Sinclair 1000 a kan dala 99.95, an ninka ƙwaƙwalwar zuwa kilobait 2.

Da sabuwar kwamfutar Sinclair, ZX Spectrum, ta fito a Afrilu 1982, an mai da ƙwaƙwalwar ciki: mai kilobait 16 fam 125, mai 48 fam 175, kuma ana iya buɗe ƙaramar a ƙara mata. Amma tsimin bai bar gidan ba. Don cike ƙarin kilobait 32, kamfanin ya riƙa sayen ƙwayoyin ƙwaƙwalwa waɗanda rabinsu ya lalace tun a masana'anta, da rahusa, a yi amfani da rabin mai lafiya.

Sinclair ya rasu a Satumba 2021, amma har yau akwai masu raya ZX81. Aikinsu ya fi na da sauƙi. Tsohon akwatin ƙwayoyi takwas ne a cikinsa, masu buƙatar ƙarfin wuta iri uku, kuma su ne kan riga mutuwa. Yanzu mai gyara sai ya buɗe kwamfutar, ya cire tsohuwar ƙwaƙwalwar, ya dasa ƙwaya guda mai kilobait 32, ya karkata 'yan wayoyi, shi ke nan. Kuɗin ƙwayar bai taka kara ya karya ba. Wahalar tana wurin samun talabijin da zai yarda ya nuna hoton.