BABI NA HUƊU: MAƘERAN WUDIL DA DOKOKIN HANA ƘERA MAKAMAI

4.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi ƙoƙarin bin tarihin dangantakar da ke tsakanin maƙeri da hukuma, domin a amsa tambaya guda: shin ya dace maƙeran Wudil su ci gaba da ƙera wuƙaƙe da sauran abubuwa masu kaifi, alhali doka tana ƙara matsa musu? Tambayar tana da nauyi, saboda a gefe ɗaya akwai abincin mai sana'a, a ɗaya gefen kuma akwai rayukan jama'a.

4.1 Maƙeri da Makami Kafin Zuwan Turawa

Ƙira tana cikin tsofaffin sana'o'in ƙasar Kano. Tarihin Kano ya nuna cewa Abagayawa, waɗanda ake dangantawa da zaman farko a gindin Dala, maƙera ne da kakansu ya taso daga Gaya neman tama. Gaya kuwa maƙwabciyar Wudil ce, don haka wannan yanki ba baƙo ba ne ga wuta da zugazugi.

A wancan zamani ba a ɗauki ƙera makami a matsayin laifi ba. Maƙerin baƙi, wato mai aikin baƙin ƙarfe, shi ke yi wa manomi fartanya da garma da lauje, shi ne kuma ke yi wa mayaƙi takobi da mashi da kan kibiya. Sai dai bai kasance sakaka ba. Akwai Sarkin Maƙera, wanda ta hannunsa fada ke isar da umarni idan ana shirin yaƙi, ta hannunsa kuma ake tara harajin masu sana'ar. Ke nan tun asali akwai idon hukuma a kan maƙera, illa dai idon daga cikin sana'ar yake.

4.2 Zamanin Turawa da Farkon Rubutacciyar Doka

Bayan da Turawa suka ci Kano a 1903, yaƙe-yaƙe suka kau, kasuwar kayan yaƙi ta faɗi. Takobi ya koma kayan ado na hawan salla. Isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 kuma ta kawo tsofaffin ƙarafa masu araha, har narkar da tama ta mutu sannu a hankali. Maƙeri ya koma dogaro da manomi da mahauci da mafarauci.

Abin da ya fi damun Turawa shi ne bindiga. Dokar bindigogi ta 1959, wadda Nijeriya ta gada bayan samun mulkin kai, ta hana ƙera bindiga ko gyara ta ba tare da izini ba, har adakar mafarauta sai da lasisi. Dokar ba ta taɓa wuƙa ba. Dokokin fashi da makami na 1970 da 1984 su ne suka shigo da adda da mashi da kwari da baka cikin lissafi, amma su ma wanda ya yi fashi da makamin suka hukunta. Wato dai dokar Nijeriya ta fi duba aikin da aka yi da ƙarfe a kan siffarsa.

4.3 Misalin Wuƙa Mai Maɓalli a Ƙasashen Turai

Wasu ƙasashe sun bi wata hanya dabam. Akwai wata wuƙa da kaifinta ke ɓoye cikin ƙota, ya fito da kansa da zarar an danna maɓalli. Maƙeran garin Maniago na Italiya sun yi suna wajen ƙera ta. Da aka fara danganta ta da gungun matasa masu faɗa, Amurka ta hana fataucinta tsakanin jihohi a 1958, Ingila kuma ta hana ƙerawa da sayar da ita a 1959. Duk da haka sara da suka ba su ƙare ba, domin mai niyyar ɓarna yakan ɗauki wuƙar girki. Daga baya jihohi da dama a Amurka sun janye haninsu. Wannan wuƙa ba ta cikin kayan gadon maƙerin Hausa, amma darasinta ya shafe shi: hana siffar wuƙa kaɗai ba ya kawar da ta'asa.

4.4 Halin da Maƙeran Wudil Suka Shiga

Wudil tana kan babbar hanyar da ta tashi daga Kano zuwa gabas, kuma kasuwarta ta ranar Juma'a tana cikin manyan kasuwannin shanu na Arewa. Inda ake cinikin dabbobi kuwa dole a nemi wuƙar yanka da ta fiɗa. Makiyayi yana bukatar adda, masuncin kogin Wudil yana bukatar wuƙar gyaran kifi, wanzami yana bukatar aska, kowane gida kuma yana neman wuƙa mai kaifi idan layya ta zo. Hana ƙera waɗannan daidai yake da tsayar da sana'o'i da yawa a lokaci guda.

Amma akwai ɗaya fuskar. Tun daga 'yan bangar siyasa na shekarun 1950, zuwa rikicin Maitatsine na Disamba 1980, har zuwa faɗan daba na unguwannin Kano, an zubar da jini da makamai ƙirar gida. Da ƙwacen waya ya yi ƙamari, gwamnatin Jihar Kano ta ayyana shi a matsayin fashi da makami a 2023, 'yan sanda kuma suka riƙa gargaɗin maƙera. Maƙeri yakan kare kansa da cewa shi ƙarfe ya sayar, bai san zuciyar mai saye ba. Wannan hujja tana da ƙarfi a kan wuƙar mahauci. Ba ta da ƙarfi a kan gariyo ko barandamin da yaro matashi ya zo da kansa ya faɗi tsawon da yake so, alhali ba shi da gona ba shi da garke. A nan maƙeri ya san abin da yake ƙerawa.

4.5 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a fahimci cewa amsar tambayar kashi biyu ce. Ya dace maƙeran Wudil su ci gaba da ƙera wuƙaƙen aiki, kuma bai kamata hukuma ta yi musu kuɗin goro ba. Bai dace kuma su ƙera bindiga ba tare da izini ba, ko makamin da ba shi da wani aiki sai illata mutum, komai tsadar da za a saye shi. Wanda ya fi iya bambance waɗannan biyun shi ne maƙerin kansa. Saboda haka wannan bincike yana ganin hanyar da ta fi dacewa ita ce a farfaɗo da ikon shugabannin maƙera, su yi aiki tare da hakimi da 'yan sanda, kamar yadda Sarkin Maƙera ya kasance tsani tsakanin fada da masu sana'a a da. A babi na gaba za a duba yadda kayan ƙarfe na kanti suka shafi cinikin maƙeran yankin.