Shekarun shakka: yadda Charles de Foucauld ya zama limamin Katolika

Duk malamin da ya taɓa bin asalin wata kalma ta harshen Abzinawa, da wuya bai ci karo da sunan Charles de Foucauld ba, mai ƙamus ɗin nan na Tamahak da Faransanci da aka buga cikin juzu'i 4 a 1951 da 1952. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, mutumin ya yi shekaru yana fama da tambaya guda: shin Allah ne ke kiran sa ga limanci, ko kuwa son girma ne ke yi masa raɗa?

An haife shi a Strasbourg a 1858. Kafin ya cika shekara 6 ya rasa uwa da uba, kakansa ya rene shi. Ya watsar da addini tun yana saurayi, ya shiga makarantar soja ta Saint-Cyr a 1876, ya kuma ɓarnatar da dukiyar gado cikin sharholiya. Daga 1883 zuwa 1884 ya zaga Maroko cikin shigar malamin Yahudawa, yana zana taswirar hanyoyi a ɓoye. A can ya zauna da Musulmi, kuma daga baya ya shaida a wasiƙunsa cewa imanin da ya gani gare su ya girgiza shi ƙwarai.

A watan Oktoba na 1886, a cocin Saint-Augustin na birnin Paris, ya tuba a hannun wani limami mai suna Huvelin. Nan take ya so ya bar duniya, amma Huvelin ya sa shi jiran fiye da shekara 3. A tsarin Katolika, sha'awar mutum kaɗai ba ta isa shaidar kira ba: sai an gwada ta da lokaci, da shawarar jagora, da amincewar shugabannin coci.

A 1890 ya shiga gidan masu zuhudu na ɗariƙar Trappe a Notre-Dame des Neiges, daga nan aka tura shi Akbès, a ƙasar Sham. Da shugabanninsa suka sa shi karatun da ke kai wa ga limanci, sai hankalinsa ya tashi. A ganinsa limami mutum ne da ake girmamawa, shi kuwa matsayi mafi ƙasƙanci yake nema. A 1897 ya fita daga ɗariƙar da izini, ya zama baran wasu mata masu zuhudu a Nazarat, yana kwana cikin bukkar lambu. Shugabar gidansu na Ƙudus ce ta riƙa nuna masa cewa gudun limanci ba lalle ne ya zama tawali'u ba. Sannu a hankali ya sauko. Ranar 9 ga Yuni 1901 aka naɗa shi a Viviers, yana da shekara 42.

Ya zaɓi Sahara. Ya zauna Béni Abbès, inda ya fanshi wasu bayi, ya yi ta kukan yadda hukumar Faransa ke kau da kai daga bauta. A 1905 ya koma Tamanrasset, ƙasar Amenokal Musa ag Amastan. Gwaji bai ƙare ba: babu abokin ibada da ya daɗe tare da shi, Abzinawa kuma sun tsaya kan Musuluncinsu. A farkon 1908, cikin fari, ciwo ya kayar da shi, su ne suka nemo nonon awaki suka ceci ransa. Sauran shekarunsa ya ba da su ga ƙamus da tattara waƙoƙinsu.

Sai dai tarihi ba ya son kwaskwarima. Foucauld aminin hafsan soja Laperrine ne, ya yarda da mulkin mallaka, a lokacin Yaƙin Duniya na Farko kuma yana aika wa sojojin Faransa labarin abin da ke gudana a yankin. Ranar 1 ga Disamba 1916 wasu mahara masu alaƙa da Sanusiyya suka kashe shi a ƙofar ganuwarsa. A cikin wannan wata ne Kawsan ya kewaye barikin Faransawa na Agadas.

Cocin Katolika ta sa shi cikin waliyyanta ranar 15 ga Mayu 2022. Mu da muka gaji raunukan wancan zamani, haƙƙinmu ne mu karanta shi da idanu biyu. Mutumin da ya yi shekaru yana tuhumar zuciyarsa kan limanci bai tuhumi mulkin mallaka da irin wannan tsanani ba. Ya kamata ɗalibanmu su san duka biyun.