Lafiyar Mazan Jiya: Abin da Yaƙi Ke Barin Wa Soja

Yau maganarmu a kan mutumin da ya je yaƙi ya komo gida ce, da yadda asibiti ke shirin karɓarsa.

A zamanin Sarkin Gwandu Yahaya, sa'ad da ƙasar Gwandu ke cikin Lardin Sakkwato, aka yi Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffi ke kira Yaƙin Hitila. Aka ɗebi samari daga ƙasashen Arewa aka sa su soja. Runduna ta 81 ta tafi a 1943, ta 82 ta bi ta a 1944, suka yi yaƙi da Japanawa a dazuzzukan Bama. Can ba harsashi kaɗai ke kayar da mutum ba. Zazzaɓin cizon sauro da atuni sun kwantar da sojoji da yawa, har aka tilasta wa kowa shan ƙwayar mefakirin kullum. Yaƙi ya ƙare a 1945, galibinsu suka komo a 1946.

To, likitocin wancan lokaci sun iya ɗinke rauni, sun iya yanke ƙafar da ta ruɓe. Abin da ba a yi wa kyakkyawan shiri ba shi ne ciwon da ido ba ya gani. Sai ka ga mutum ya dawo da gaɓoɓinsa cif, amma ba ya barci. In aka buga bindigar salla sai ya faɗi ƙasa yana makyarkyata. Da dare ya farka yana ihu, matarsa ta rasa kansa. Mutanen gari su ce iskoki ne, ko su ce Bama ta taɓa shi, yara kuwa su riƙa tsokanarsa. Waɗanda abin ya yi wa tsanani, tun 1944 aka fara kai su Lantoro a Abekuta, wani tsohon gidan yari da aka mai da wurin tsare masu taɓin hankali. Ku duba fa, gidan yari! Sai a 1954 Likita Lambo ya kawo sabuwar dabara a Aro, watau majiyyaci ya sauka cikin ƙauye tare da wani ɗan'uwansa, yana zuwa asibiti ana yi masa magani.

Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya sake komo mana da irin waɗannan mutane. Amma sai a 1980, bayan yaƙin Biyetnam, likitocin Amurka suka ba ciwon suna a littafinsu, suka tabbatar cuta ce da firgici mai tsanani ke bari, ba ragwanci ba. Tana kuwa da magani. Tun 2009 ga sojojinmu suna komowa daga Arewa maso Gabas, ga kuma 'yan sa-kai da ke artabu da 'yan bindiga.

Saboda haka, kai da ka kawo ubanka ko wanka ɗakin shan magani, a Gwandu ne ko a Kalgo, kada ka jira a tambaye ka. Gaya wa malamin asibiti cewa ya yi soja, da inda ya yi, da shekarar. Dalili kuwa shi ne, in an kawo mutum cikin gaggawa, likita ba shi da lokacin bincike mai tsawo. Wani yana da ɓarɓashin ƙarfe a jikinsa shekara da shekaru, akwai kuma na'urar ɗaukar hoto mai maganaɗisu da za ta iya motsa ƙarfen ta yi ɓarna. Wani ƙarar igwa ta kurmantar da shi, sai a zaci taurin kai ne ya hana shi amsawa. In yana shan ƙwaya ko giya don ya sami barci, faɗi, kada kunya ta hana ka, gama wannan yana canza maganin da za a ba shi.

In kuwa ya fara cewa ya gaji da duniya, kada ku bar shi shi kaɗai, ku kawar da bindiga da wuƙa da maganin ƙwari daga ɗakinsa, ku kai shi asibiti ran nan. Malami zai rubuta muku takarda zuwa babban asibitin Kalgo ko Asibitin Sir Yahaya a Birnin Kebbi. In abin ya fi ƙarfinsu, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya a Kware, kusa da Sakkwato. Ku tafi da takardar sallamarsa ta soja in tana nan, da duk katin asibitin da ya taɓa karɓa.