Dokin Sforza

Dokin Sforza mutum-mutumi ne na tagulla da Leonardo da Vinci ya tsara a birnin Milan na ƙasar Italiya, amma bai samu ya zuba shi ba. Ludovico Sforza, mai mulkin Milan, shi ya ba shi aikin don tunawa da mahaifinsa, Francesco Sforza. An so tsayin dokin ya haura mita 7.

Leonardo ya ɗauki shekaru yana zana dawakai, yana auna ƙafa da wuya da ƙirji. Niyyarsa ya zuba narkakkiyar tagullar a tashi ɗaya, jan aiki ne ƙwarai a wancan zamani. A 1493 ya baje samfurin yumɓu, jama'a suka yi mamakin girmansa. Sai dai a 1494 aka karkatar da tagullar aka ƙera igwa. Da sojojin Faransa suka ci Milan a 1499, maharbansu suka riƙa gwada kibau a jikin samfurin har ya lalace. Babbar asara ce.

Daga baya Ba'amurke Charles Dent ya farfaɗo da aikin. Bayan rasuwarsa mai sassaƙa Nina Akamu ta kammala dokin bisa zane-zanen Leonardo, aka ƙaddamar da shi a Milan a 1999.