5-HTP: abin da ya kamata a sani kafin a sha

5-HTP sinadari ne da ake tatsowa daga 'ya'yan wata shuka mai yaɗo, Griffonia simplicifolia, wadda ke fitowa a kurmin Gana, Kwaddebuwa da Togo. Ana fitar da 'ya'yan zuwa ƙasashen waje, inda ake sarrafa su a zuba a kwalba a matsayin ƙwayoyi.

Jiki na mayar da shi serotonin, sinadarin da ke da hannu a walwala da jin ƙoshi, wanda daga gare shi ake samun melatonin mai kawo barci. Shi ya sa ake tallata shi ga masu damuwa, masu rashin barci da masu son rage ƙiba. Sai dai binciken da aka yi a kansa bai taka kara ya karya ba. Yakan kuma sa tashin zuciya da gudawa.

Babban haɗarinsa a Garwa da Marwa, inda tramol ya zama ruwan dare, shi ne haɗa su biyun. Dukkansu suna ƙara serotonin, kuma idan ya yi yawa sai zazzaɓi, gumi, karkarwa da ruɗewa, har yakan kai ga rasa rai. Haka abin yake da magungunan damuwa irin su fluoxetine. Mai ciki da mai shayarwa su nisance shi.